Idan Manhaja Ta Ƙi Aiki a Kwamfutar Mai Ita: Jagora Ga Sababbin Masu Rubuta Manhaja

Yawancin matasan da ke fara rubuta manhajar kwamfuta a garuruwanmu da aiki iri ɗaya suke farawa: manhajar lissafin kantin magani, ko ta fitar da sakamakon jarrabawa a makaranta, ko ta ajiye bayanan marasa lafiya a ƙaramin asibiti. A rubuta ta da Python ko C# ko Java, a ɗora ta a kan Windows, a karɓi kuɗi, a tafi. Bayan kwana biyu waya ta yi ƙara: "Malam, abin nan fa ya ƙi." Abin da nake gani yana biyo bayan wannan kira shi ya sa na zauna na rubuta wannan jagora. Tun bai san abin da ya ƙi ba, saurayi zai buɗe kod ɗinsa, ya canza nan ya canza can, ya tura sabon fayil ta WhatsApp ya ce a gwada. In an yi sa'a matsalar ta lafa mako guda. In ba a yi ba, an ƙara wata a kan ta farko, kuma mai kanti ya fara shakkar aikin gaba ɗaya.

Ƙa'ida ɗaya nake so ka riƙe: kada ka taɓa kod sai ka ga matsalar da idonka, kuma ka iya sa ta sake faruwa duk lokacin da ka so. Manhajar da ake ɗorawa a kwamfuta tana aiki ne a na'urar da ba kai ka saita ta ba. Windows ɗinta daban, agogonta daban, girman allonta daban, wutar da take samu daban. Sau da yawa laifin yana tsakanin manhajarka da wannan na'ura, inda karanta kod kaɗai ba zai nuna maka shi ba.

Kayan aiki

Git, wanda zai riƙe maka tarihin duk canjin da ka yi. Wanda ke ajiye aikinsa a folda mai suna "sabo", da "sabo2", da "na ƙarshe", ba zai iya faɗin abin da ya canza tsakanin Talata da Alhamis ba.

Windows mai tsabta wadda ba a ɗora mata komai ba. VirtualBox kyauta ne kuma ya isa. Wanda ke da Windows 10 ko 11 samfurin Pro yana iya kunna Windows Sandbox.

Na'urar bin kod layi-layi da ke cikin Visual Studio ko PyCharm ko IntelliJ, wadda ke ba ka damar tsayar da manhaja a tsakiyar aiki ka leƙa abin da kowane ma'aji yake ɗauke da shi.

Event Viewer da Task Manager, waɗanda suke cikin kowace Windows, da Process Monitor na Sysinternals, wanda Microsoft ke bayarwa kyauta.

DB Browser for SQLite, in da SQLite kake aiki. Sai filasha mai isasshen wuri, da littafi da biro.

1. Kwafi bayanan mai kaya kafin komai

Rufe manhajar, ka kwafi rumbun bayananta zuwa filasha, ka sa wa kwafin kwanan wata. Kod in ya lalace kana da shi a Git. Lissafin bashin shekara uku na mai kanti in ya tafi, babu inda za ka samo shi. Lallai ka rufe manhajar tukuna, domin kwafin da aka ɗauka ana tsakiyar rubutu yana iya fita a gurgunce. In ka ga fayiloli masu ƙarewa da -wal ko -journal kusa da rumbun SQLite, haɗa su a kwafin. Suna iya ɗauke da bayanan da ba su gama shiga babban fayil ba. Duk gwajin da za ka yi, a kan kwafi za ka yi shi. In kuma bayanan marasa lafiya ne ko na ɗalibai, nemi izinin mai su kafin ka fita da su, ka goge su in ka gama. Amana ce, kuma a Najeriya dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta shafi irin wannan.

2. Sa matsalar ta maimaita kanta

"Ya ƙi" ba bayani ba ne, amma ba laifin mai kanti ba ne. Aikinka ne ka fito da bayanin daga bakinsa. Tambaye shi da ladabi: Alhaji, me ake yi lokacin da abin ya faru? Wane maɓalli aka danna? Kullum yake yi ko wani lokaci? Jiya yana aiki? Me ya canza tun jiya, an ɗauke wuta, an ɗora wata manhaja, an canza firinta? Kuma ka nemi wanda yake zama a gaban kwamfutar da kansa, domin sau da yawa yaron shago ne ko akawu, ba mai wurin ba. Ka roƙe shi ya ɗauki hoton allon da waya, ko ya yi aikin kana kallo. Kada ka karɓi linzamin daga hannunsa. Kai ka san hanyar da ka gina, ita za ka bi. Shi kuwa yana danna "Ajiye" sau biyu da sauri, ko ya bar gurbin farashi babu komai, ko ya rubuta 1,500 da waƙafi inda ka zaci 1500 za a rubuta.

Rubuta matakan a littafinka ɗaya bayan ɗaya, ka bi su a kwamfutarka da kwafin bayanansa. In matsalar ta fito, rabin aiki ya ƙare. In ba ta fito ba, ka samu labari mai amfani: bambancin yana tsakanin na'urorin biyu, kuma matakai na 4 da na 6 za su fi yi maka amfani.

3. Karanta saƙon kuskure har ƙarshe

Sababbin shiga sukan ga jan rubutu mai tsawo su rufe shi da sauri, alhali amsar tana ciki. A Python, layin ƙarshe ne yake faɗin irin kuskuren, layukan da ke samansa kuma su nuna fayil da lambar layin. A Java da C# abin a juye yake, wurin da aka faɗi yana sama. Amma a Java ka gangara ka nemi "Caused by" na ƙarshe, a C# kuma ka buɗe InnerException, can ne asalin dalilin yake. Bi jerin har ka iske layin farko da yake cikin kod ɗinka, ba cikin kod ɗin wani da ka aro ba. Daga nan za ka fara.

Babbar matsala ita ce a kwamfutar mai kaya sau da yawa babu saƙon ma. Manhajar ta ɓace kawai, ko a danna maɓalli shiru. A nan ka buɗe Event Viewer, ka shiga Windows Logs, sannan Application, ka duba daidai lokacin da abin ya faru. Lamba 1000 tana nuna manhajar da ta faɗi da ɓangaren da ya kayar da ita. Lamba 1026 ta .NET ce, kuma takan kawo jerin kuskuren gaba ɗaya.

Wanda ya fi wannan shi ne manhajarka ta riƙa rubuta kundin abin da take yi a fayil, da lokaci da sunan aikin da cikakken kuskure. Ka kuma sa tarko na ƙarshe ga duk kuskuren da ya tsere: sys.excepthook a Python, UnhandledException da ThreadException a C#, setDefaultUncaughtExceptionHandler a Java. Mai amfani da Tkinter ya sani cewa kuskuren da ya faru cikin aikin maɓalli ba ya bi ta excepthook. Report_callback_exception ne ke karɓarsa ya buga shi a baƙin allo, in kuma ka ɓoye baƙin allon, ya ɓace ke nan. Kada ka rubuta kalmar sirri ko bayanin mara lafiya a wannan kundi.

Akwai wata ɗabi'a da nake roƙonka ka rabu da ita yau: kama kuskure ka haɗiye shi, wato except da pass a ƙarƙashinsa, ko catch wanda babu komai cikinsa. Manhajar za ta daina faɗuwa, gaskiya ne, amma cinikin da bai shiga rumbu ba zai wuce kamar ya shiga, sai ƙarshen wata a ga lissafi bai daidaita ba, a fara zargin yaron shago da abin da bai yi ba.

4. Idan ta ƙi buɗewa sam

Kwamfutarka cike take da kayan da ka ɗora tun kana koyo, har ka manta da su. Ta mai kanti ba ta da su. In saƙo ya ce ba a ga VCRUNTIME140.dll ko MSVCP140.dll ba, Visual C++ Redistributable ne babu. Ɗauko shi daga shafin Microsoft. Kada ka taɓa sauke DLL guda ɗaya daga shafukan da ke raba su, hanya ce ta shigo da ƙwayar cuta. In ka ga lambar 0xc000007b, galibi an cakuɗa fayil na 32-bit da na 64-bit. Manhajar 64-bit ba za ta tashi a Windows mai 32-bit ba, kuma har yanzu akwai irin waɗannan tsofaffin na'urori a shaguna da ofisoshi. Haka nan Python daga 3.9 zuwa sama ba ya aiki a Windows 7. Microsoft ya daina kula da Windows 7 tun Janairun 2020, amma wannan bai fitar da ita daga kasuwa ba, don haka tambayi irin Windows ɗin mai kaya kafin ka rubuta layin farko.

Matsala ta biyu ita ce hanyar fayil. In ka rubuta C:\Users\ da sunanka cikin kod, a kwamfutarka kaɗai zai yi aiki. In ka rubuta sunan fayil kawai ba tare da hanya ba, manhajar za ta neme shi a foldar da aka tashe ta daga ciki, wadda ba lallai ta zama inda take zaune ba. Shi ya sa take buɗewa in an danna ta cikin foldarta, ta ƙi in an danna gajeriyar hanyar da ke kan allo. Wanda ya haɗa manhajarsa da PyInstaller a fayil guda ya sani cewa duk lokacin da aka buɗe ta, tana zazzage kayanta a wata folda ta wucin gadi, a share foldar in an rufe. Hotuna da makamantansu ta sys._MEIPASS ake samunsu. Rumbun bayanai kuwa in ka ajiye shi a can, duk abin da aka shigar yau ba za a same shi gobe ba.

Kada kuma ka ajiye bayanai cikin Program Files. Tun daga Windows Vista an hana manhaja ta yi rubutu a can ba tare da izinin mai iko ba. Wurin bayanai shi ne AppData na mai amfani, ko ProgramData in mutane da yawa ne ke shiga kwamfutar. Cewa mai kanti ya riƙa buɗe ta da "Run as administrator" rufe ciwo ne kawai.

In duk ka duba ba ka gane ba, kunna Process Monitor, ka tace shi da sunan manhajarka, ka nemi layukan da suka ce NAME NOT FOUND ko ACCESS DENIED dab da faɗuwarta. Zai nuna maka ainihin fayil ɗin da ta nema da inda ta neme shi. Ka leƙa ma'ajiyar manhajar kashe ƙwayoyin cuta ma, domin takan kama fayilolin PyInstaller bisa kuskure. Kada ka kashe ta gaba ɗaya saboda haka. Ware mata foldar manhajarka kaɗai.

5. Idan ta daskare

Allo ya yi fari, sama an rubuta "Not Responding". Manhajar ba ta mutu ba. Tagarta tana da zaren aiki guda ɗaya wanda ke sauraron linzami da madannai yana kuma sake zana allo, kamar shago mai yaro ɗaya: in ka aike shi sito ɗauko kaya, babu mai amsa sallamar masu saye har ya dawo. In wannan zare ya yi kamar daƙiƙa 5 bai amsa ba, Windows sai ta sa wannan alama. Mai kanti kuwa zai kashe ta da ƙarfi, wataƙila ana tsakiyar rubutu.

Duk aikin da zai ɗauki lokaci, kamar haɗa rahoton shekara, ko jiran intanet, ko jiran firinta, a ba wani zare daban: async da await a C#, SwingWorker a Java, QThread a Qt, threading da queue da after a Tkinter. Sharaɗin shi ne zare na biyu kada ya taɓa allo da kansa, sai dai ya miƙa sakamako ga na farko. WinForms yakan tsawatar da saƙon "Cross-thread operation not valid", amma wasu ba sa cewa komai, sai dai manhajar ta riƙa faɗuwa jefi-jefi ba tare da tsari ba, wanda ya fi kowace matsala wahalar kamawa.

In kuwa da sauri ta fara sannan ta yi nauyi bayan watanni, duba rumbun. Da layi 50 ka gwada ta, yanzu akwai 200,000. Sa fihirisa a ginshiƙan da ake bincike da su, kuma ka daina lodo dukan teburi zuwa allo lokaci guda.

6. Sunayenmu, haruffanmu, kwanan wata da kuɗi

Wannan mataki nake so ka fi daɗewa a kansa, domin darussan da ka koya daga intanet ba da sunayenmu aka gwada su ba.

Fara da Sa'adatu, da Mas'udu, da Ja'afaru. In kana haɗa umarnin SQL ta hanyar manna rubutu da rubutu, alamar da ke tsakiyar sunan za ta rufe zancen tun bai ƙare ba, rumbu ya ce akwai kuskuren nahawu. Na ga inda aka umarci akawu ya riƙa rubuta sunayen ɗalibai ba tare da alamar ba don manhaja ta karɓa, har aka buga wa yara takardun sakamako da sunan da ba haka iyayensu suka raɗa musu ba. Maganin shi ne ka sa alamar tambaya ko sunan gurbi a cikin umarnin, ka miƙa ƙimar daban. Wannan gyara ɗaya shi ne kuma yake toshe ƙofar da ɓarayi ke bi su cusa nasu umarnin. Ka lura kuma alamar iri biyu ce: miƙaƙƙiya ta madannai, da lanƙwasasshiya wadda Word ke sakawa. Ido ba ya bambanta su sosai, kwamfuta kuwa tana bambantawa, sai a nemi suna a ce babu shi alhali yana nan. Mayar da su iri ɗaya kafin ajiya da kafin bincike.

Sai ƙ da ɗ da ɓ, da ƴ da ake rubutawa a Nijar, da alamar ₦. Babu ko ɗaya daga cikinsu a tsohon tsarin haruffa na cp1252 wanda Windows ta Turanci da ta Faransanci suke komawa gare shi in ba a faɗa musu wani ba. In ka ga Æ™ inda ƙ ya kamata ya kasance, ko â‚¦ a madadin ₦, an rubuta da UTF-8 an karanta da cp1252. Bayanan suna nan lafiya, karatun ne ya karkace. In kuwa alamar tambaya ka gani a cikin rumbun kansa, harafin ya riga ya salwanta tun wurin ajiya. In ɗan akwati ka gani, salon rubutun da ka zaɓa ne ba shi da harafin. Alamu uku, cututtuka uku, kada ka ba su magani ɗaya. A Python faɗi encoding="utf-8" duk lokacin da ka buɗe fayil; in fayil ɗin CSV ne da za a buɗe da Excel, yi amfani da utf-8-sig. A SQL Server ginshiƙin suna ya zama NVARCHAR, a MySQL kuma utf8mb4. Ƙananan firintocin rasit da yawa ba su san ₦ ba; gwada a kan takarda, in ta ƙi ka rubuta N.

Kwanan wata: kwamfutoci da yawa suna zuwa da saitin Amurka, wata kafin rana. 03/04 a wurinka uku ga Afrilu ne, a wurinta huɗu ga Maris. Manhajar za ta yi ta karɓa tana juya su shiru har ranar 12 ga wata, ranar 13 ta faɗi, domin babu wata na 13. In aka ce maka ta yi aiki kusan mako biyu sannan ta ƙi, fara duba nan. Ajiye kwanan wata a tsarin shekara, wata, rana, kamar 2024-04-03, ka kuma faɗa wa kod tsarin da zai karanta da shi. A Maraɗi ko Damagaram, inda saitin Faransa ya fi yawa, waƙafi ne ke raba lamba da ɓurɓushinta, 1,5 maimakon 1.5, kuma Excel yana raba ginshiƙan CSV da waƙafi mai ɗigo. Duba agogon na'urar ma. In ƙaramin batirin CR2032 da ke cikinta ya mutu, agogo yakan koma baya da shekaru duk lokacin da aka cire wuta, rasit ya fita da kwanan da ya wuce, haɗi da intanet ya ƙi saboda takardar shaidar tsaro.

Kuɗi kuma kada ka ajiye su a float ko double. Buɗe Python ka haɗa 0.1 da 0.2, za ka ga 0.30000000000000004. Ajiye kuɗi a matsayin kwabo, lamba cikakkiya, ko ka yi amfani da Decimal.

7. Wuta da rumbun bayanai

Ɗauka cewa za a ɗauke wuta a daidai tsakiyar kowane rubutu. Ciniki ɗaya yakan taɓa wurare uku: a rubuta rasit, a rage kaya, a ƙara kuɗi. Sa su cikin ma'amala guda, tsakanin BEGIN da COMMIT, ta yadda ko duka su shiga ko babu wanda ya shiga. In ana zargin rumbun SQLite ya lalace, gudanar da PRAGMA integrity_check a kan kwafi. Lafiyayye "ok" kawai zai amsa. Saƙon "database is locked" yana nufin wani ya riƙe rumbun, domin SQLite marubuci ɗaya yake bari a lokaci guda. Nemi haɗin da ka buɗe ba ka rufe ba, ko manhajar da aka buɗe sau biyu. Kada ka ɗora fayil ɗin SQLite a foldar da kwamfutoci da yawa ke rabawa ta waya. Masu SQLite da kansu sun yi gargaɗi a kan haka. In wurin ya kai kwamfuta biyu ko uku, lokacin PostgreSQL ko MySQL ya yi. Ka kuma ba mai wurin shawarar sayen UPS.

8. Rage fili, canji ɗaya a lokaci ɗaya

In har yanzu ba ka kama shi ba, rubuta zatonka a littafi, ka gwada shi kaɗai. Canji uku lokaci guda, ko da sun yi aiki, ba za ka san wanne ya yi ba. In da tana aiki yanzu ta daina, git bisect zai riƙa raba tarihin gida biyu yana tambayarka mai kyau ne ko maras kyau. Canji 1,000 gwaji kamar 10 ya ishe su. Haka za ka yi da fayil ɗin da ya ƙi shiga: raba shi biyu, ka bi rabin da ya ƙi, har ka iso layi guda.

9. Tabbatar kafin ka miƙa

Koma ga matakan da ka rubuta a mataki na 2, ka bi su da tsohuwar manhajar ka ga ta faɗi, ka bi su da sabuwar ka ga ta wuce. Sannan ka nemi 'yan'uwan kuskuren: in sunan Sa'adatu ya karya shafin rajista, je ka duba shafin bincike da na rahoto, hannu ɗaya ne ya rubuta su. Ɗora sabuwar a Windows mai tsabta, ka rage allon zuwa 1366 da 768, ka ɗaga girman rubutu zuwa kashi 125 ko 150, ka ga ko maɓallin "Ajiye" bai faɗa ƙasan allo ba. Sa wa kowace fitarwa lamba wadda ake gani a saman taga, don in an kira ka ka san wadda ke hannunsu. Ɗora ta a wurin mai kaya lokacin da babu cunkoso, ba safiyar ranar kasuwa ko makon fitar da sakamako ba, ka bar tsohuwar a gefe da kwafin bayanai ko da za a buƙaci komawa. Kafin ka tashi, ka sa wanda ya kawo ƙarar ya zauna ya yi aikin da hannunsa har rasit ya fito daga firinta.